Wai da me ake auna albashi a Abuja, ba a duba nisan da mutum ke tasowa ne?

Ɗan Masaka

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah wanda ya san harkar albashi ya taimaka ya warware min wannan abu, don ya daɗe yana cina a rai. Wata huɗu kenan da Allah ya ba ni aiki a wani kamfani a Wuse 2, bayan na shafe kusan shekara biyu ina yawo da takardu ofis-ofis tun da na gama bautar ƙasa, ranar da aka kira ni wallahi mahaifiyata kuka ta sa a waya don murna. Albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki dubu 140 ne, in an cire fansho da haraji abin da ke faɗowa akawun ɗina bai kai dubu 125 ba.

A Masaka nake zaune wurin yayana, shi ya ba ni ɗaki a gidan da yake haya. Huɗu da rabi na tashi, in na ce zan tsaya sallah a masallacin layinmu to ranar sai na makara, shi ya sa nake yi a wani ɗan masallaci da ke bakin titi kusa da inda ake lodi, ana sallamewa sai in fito da sauri. Acaɓa daga gida zuwa titi 300, mota zuwa mahaɗar AYA 800 in ka yi sammako, daga nan zuwa Wuse 400. Da yamma kuma magana ta canza, wadda ka hau 800 da safe sai a ce maka dubu ɗaya, in hadari ya haɗo kuwa sai abin da direba ya faɗa. Dubu uku da ɗari biyu kenan kullum, kwana 22 ya kama dubu 70 da ɗari huɗu, sama da rabin abin da nake karɓa, ban ci abincin rana ba, ban sa data ba, ban aika wa tsohuwa ko sisi ba. Ga kuma lokaci, daga Ado zuwa One Man Village zuwa Mararaba mota tafiyar hawainiya take yi, mu huɗu a baya biyu a gaba, ƙafarka ta yi tsami ba halin ka motsa ta, ka samu ka wuce gadar Nyanya kuma ga gosulon Kugbo yana jiranka. Awa biyu zuwa, dawowa wani lokacin har uku, sai tara na dare nake shiga gida.

Abin da ya sa na kasa daurewa na rubuto, akwai wanda aka ɗauke mu rana ɗaya, aikinmu ɗaya albashinmu ɗaya, shi a gidan mahaifinsa yake a Garki, bakwai da rabi yake fitowa. Ba hassada nake masa ba Allah ya sani, mutumin kirki ne, amma shi albashinsa yana kwana a aljihunsa ni kuwa nawa a titi yake ƙarewa. To wai da me ake auna albashi? Waye ya zauna ya ce dubu 140 ce ƙimar wannan aikin? Akwai dokar da ta wajabta wa kamfani ya biya kuɗin mota ko ya duba nisan ma'aikaci? Kuma in na tunkari oga da maganar ƙari alhali ko wata shida ban yi ba, ba za a ce na zaƙe ba?

Tsohon Ma'aikaci, Kubwa

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya sa albarka a aikin, ya kawo wanda ya fi shi. Ni shekara 35 na yi a aikin gwamnatin tarayya kafin na yi ritaya, bari in faɗa maka yadda abin yake a ɓangarenmu, na kamfani kuma masu shi sa yi magana.

A gwamnati ba a ciniki, lebul ne da sitef. Lebul daga 01 zuwa 17, mai digiri yana shiga a lebul 08, duk shekara ya ƙara sitef ɗaya, in lokacin ƙarin girma ya yi ya zauna jarrabawa ya hau na gaba. Akwai hukumar albashi ta ƙasa, NSIWC, ita ke fitar da jadawalin, ma'aikatan ma'aikatu suna kan CONPSS, likitoci CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya CONHESS, malaman jami'a CONUASS. Ka ɗauki jadawalin nan ka bi shi daga sama har ƙasa, ba za ka ga inda aka tambayi a ina mutum yake kwana ba. Ɗan lebul 08 da ke sakateriyar tarayya a nan Abuja da takwaransa da ke ofishin tarayya a Gusau ko Jalingo kuɗinsu ɗaya ne, alhali wancan ko da ƙafa zai iya zuwa aiki.

Amma fa da ba haka aka bar mu ba. Lokacin da aka taso mu daga Legas, a 1991 da Babangida ya dawo da fadar gwamnati nan, ba kuɗin haya aka miƙa mana ba, gida aka ba mu. Kwatas ne a Garki, Wuse, Karu, Nyanya, Kubwa, kowa daidai matsayinsa. Ni Kubwa aka ba ni, kuma kowace safiya bas ɗin ma'aikatarmu yana tsayawa a bakin layi bakwai saura kwata, direban ya san kowa da sunansa, in bai ga mutum ba sai ya danna hon sau biyu ya ɗan jira. A cikin bas ɗin nan muke karanta jarida, a nan ake zubin adashi, a nan kake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa. Albashin ba shi da yawa amma ba ya zubewa a hanya.

Sai zamanin Obasanjo, a 2003, aka kawo tsarin mayar da komai kuɗi, gida ne, mota ce, direba ne, duk aka ƙiyasta aka zuba a cikin albashi. Aka sayar da gidajen gwamnati lokacin El-Rufai yana ministan Abuja, mu da muke ciki aka ba mu damar saye da bashin banki, shi ne gidan da nake ciki yau alhamdulillah. A 2007 kuma aka dunƙule alawus-alawus ɗin suka koma albashi guda. A lokacin an yi murna don kuɗi ya ƙaru a hannu, ni ma na yi. Sai daga baya na gane abin da ya faru. Gida yana nan gida ko shekara nawa aka yi, kujerar bas tana nan kujera ko nawa ake sayar da mai, amma kuɗin da aka ba ka a madadinsu yana tsaye inda aka ajiye shi, haya da mai kuwa ba sa tsayawa. Mu da muka samu gida mun tsira, yaran da aka ɗauka bayanmu su aka bari da hanya, kuma wannan abu yana min ciwo har gobe don da idona na ga yara a ofishinmu suna gyangyaɗi a kan fayil ƙarfe goma na safe, ba don lalaci ba.

A waɗannan shekarun dai aka yi rusau a unguwannin talakawa na kusa da gari irin su Idu da Karmo, aka hana acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006, jama'a suka yi ta ja baya, Mararaba, Masaka, Madalla, Suleja, waɗanda ma ba Abuja ba ne, Nasarawa ce da Neja. Ofis na ciki, ma'aikaci na waje, kuma ba wanda ya koma ya gyara jadawalin albashi don ya dace da haka. Ni dai shawarata kar ka saki aikin nan sai ka kama wani.

Kwamared

Baba ya gama magana a kan gwamnati, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina cikin harkar ƙungiyar ƙwadago a wurin aikinmu, bari in taɓa ɓangaren doka tunda ka tambaya, kuma ɗan uwa ba zan rufe ka ba, a wannan gaɓar doka ba ta tare da kai.

Abin da doka ta yanke shi ne mafi ƙarancin albashi kawai, wato inda ba a yarda a sauka ƙasa da shi ba. Dubu 18 a 2011 zamanin Jonathan, dubu 30 a Afrilun 2019 zamanin Buhari, dubu 70 a Yulin 2024 zamanin Tinubu. Yadda ake yi, kwamiti ake kafawa mai ɓangare uku, gwamnatin tarayya da gwamnoni gefe guda, masu kamfanoni irin su NECA da MAN gefe guda, sai manyan ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC. Na 2024 mutum 37 ne, Bukar Goni Aji ya shugabance shi. Ƙwadago da dubu 615 suka buɗe, kuma ba da ka suka faɗa ba, sun lissafa abinci da haya da kuɗin mota da makaranta da magani na magidanci mai iyali. Gwamnati ta buɗe da dubu 48. Aka yi ta ja har aka tafi yajin aiki ranar 3 ga Yuni 2024, aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, filayen jirgi suka tsaya, daga ƙarshe ƙwadago suka sauko 250 gwamnati ta hau 62, sai da Ajaero na NLC da Osifo na TUC suka zauna da shugaban ƙasa aka tsaya a 70, da sharaɗin za a riƙa sake dubawa duk shekara uku maimakon biyar. Kaga ba sikeli aka ɗauko aka ɗora kuɗin motarka ba, taye ne da albarka kamar a kasuwar Wuse, wanda ya fi iya riƙe wuta shi ke ci.

Kuma ka auna da man fetur tunda shi ke juya kuɗin mota. A 2019 lita naira 145 ce, dubu 30 tana sayen lita sama da 200. Aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, cikin kwana biyu-uku lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa 537 a Abuja, a Oktoban 2024 ta haura dubu ɗaya, a wannan farashin dubu 70 ko lita 70 ba ta cika ba. A takarda an ninka albashi har da ɗori, a gidan mai kuwa kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya saura. Dubu 35 ɗin da aka amince a ba ma'aikatan tarayya na wata shida a ƙarshen 2023 don rage raɗaɗi, ma'aikacin kamfani irinka bai shafe shi ba.

Sannan dokar ma ba kowa ta rufe ba, wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba an cire shi, haka masu aikin ɗan lokaci da waɗanda ake biya da kamasho. Inda ta rufe ɗin ma sai an yi da gaske, a nan Abuja malaman firamare sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan dubu 70 ɗin da bashin da suke bi, yara na zaune a gida.

Maganar kuɗin mota, sashe na 14 na dokar ƙwadago ya yi magana, amma ba a kan irin naka ba. Cewa ya yi in aka tura ma'aikaci daga wurin aikinsa na kullum zuwa wani wurin aiki mai nisan kilomita 16 ko fiye, to a ba shi mota ko kuɗinta. Daga gida zuwa ofis kuwa naka ne. Ka koma ka duba takardarka, zai yi wuya ba ka ga an raba dubu 140 ɗin gida-gida ba, tushen albashi kaza, gida kaza, sufuri kaza, don a kan waɗannan ukun ake cire kashi 8 naka na fansho kamfani ya ƙara kashi 10. To wannan sufurin da ka gani ba daga Masaka aka lissafo shi ba, jimillar aka fara yankewa sannan aka yayyanka ta aka ba kowane yanki suna. Ni a ganina muddin ma'aikatan kamfanoni suna zuwa wurin oga ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, haka za a ci gaba, ku nawa ne a ofishinku ke tasowa daga hanyar Keffi? Ku ƙirga kanku tukuna.

Hajiya Mai Burodi, Gwarinpa

Sannu ɗana. Ni ina da ɗan gidan burodi da wurin abinci a Gwarinpa, ma'aikata goma sha ɗaya, tunda ka tambayi waye ke zama ya yanke to ga ɗaya daga cikinsu, bari in faɗa maka tsakani da Allah yadda nake yi. Ba da ma'aikaci nake fara lissafi ba, da haya nake farawa, mai shago na shekara yake karɓa a dunƙule, sai wuta, tunda aka ƙara wa 'yan Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, kuɗi a Afrilun 2024 yunit ya tashi daga naira sittin da wani abu zuwa sama da ɗari biyu kuma layinmu na ciki, sai gas da dizal da fulawa da sukari da mai. Abin da ya rage shi nake kasawa. Sannan in tambayi masu irin sana'ata nawa suke ba kashiya, nawa suke ba mai wanke-wanke, in tsaya a nan ko in ɗan ɗara. Na uku kuma faɗinsa ba daɗi, yawan masu nema ne. Na taɓa manna takarda a ƙofa ina neman kashiya ɗaya, kafin kwana uku sama da mutum talatin suka kawo takardu har da masu digiri, ba wanda ya tambayi nawa ne kafin ya ce ya yarda. Ina jin haka ogan naku ya yi, sai dai nasa lissafin ya fi nawa girma.

Nisa kuwa ina tambaya a intabiyu, amma ba don in ƙara kuɗi ba, don in san ko mutum zai iya isowa shida da rabi. Na sha barin yarinya mai hankali don ta ce min daga Gwagwalada take, kuma abin yana damuna in na tuna.

Abin da ya canza min tunani wani yaro ne mai kwaɓi, hannunsa na da kyau ƙwarai, daga Zuba yake zuwa. Sai na lura duk satin ƙarshen wata sai ya yi fashi kwana ɗaya ko biyu, yau zazzaɓi gobe an yi baƙi, har na yi niyyar sallamarsa. Wata safiya na fito da wuri zan je Dei-Dei sayayya sai na hango shi a gefen titi yana tafe a ƙasa, takalminsa ya yi buɗu-buɗu da ƙura, ashe kuɗin da ke hannunsa na rabin hanya ne, sauran da ƙafa yake cikewa, ranar da babu gaba ɗaya kuma kunya ta hana shi faɗa sai ya ce ba shi da lafiya. Wallahi jikina ya yi sanyi, na tuna faɗin Annabi SAW cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ni ga shi gumin ma tun kafin ya iso aiki yake zubar da shi. Daga nan na raba kuɗin mota da albashi, duk Litinin nake ba kowa nasa a hannu gwargwadon hanyarsa, ga abincin rana. Na kusa sun ɗan yi ƙorafi da farko, na zaunar da su muka yi lissafin tare suka fahimta. Kuma ban yi asara ba, don koya wa sabon yaro kwaɓi ya fi wannan cin kuɗi.

Shawarata, kar ka je ka ce a ƙara min albashi, duk mai wuri in ya ji haka tunaninsa sauran ma za su taso. Ka bari wata shidan su cika a tabbatar da kai, ka rubuta lissafin nan naka a takarda yadda ka rubuta mana, ka ce tallafin kuɗin mota kake roƙo, ko a bar ka ka yi kwana ɗaya ko biyu daga gida in aikin na kwamfuta ne.

Maman Biyu

Hajiya Allah ya saka miki da alheri a kan yaron nan, amma ki yi haƙuri in faɗa, wannan ƙin ɗaukar na nesa da kika ambata shi ke sa mu ɓoye gaskiya a intabiyu. Ni nas ce a wani asibitin kuɗi a cikin gari, daga Suleja nake zuwa, ranar da aka tambaye ni cewa na yi a Utako nake wurin ƙanwar babana, don na san in na ce Suleja an gama da ni. To kinga wanda ya ɓoye nisansa don ya samu aiki da wane baki zai dawo ya nemi kuɗin mota?

Ƙanena, kowa ya yi maka maganar kuɗi, ni lokacin ne ya fi ci min rai. Awa takwas ake biyana amma kusan awa goma sha biyar nake bayarwa. Biyar da kwata nake fita, yarana na barci, tun dare nake dafa abin karyawarsu in zuba a kula, in jera kayan makaranta a kan kujera, maƙwabciyata ke musu wanka. Madalla, Zuba, Dei-Dei, titin Kubwa, Berger, in sake hawa wata. In dawo bayan isha, ƙaramin ya yi barci da takalmi a ƙafa yana jirana. Kwanaki ya faɗi ya fasa gwiwa ina tsaye a wurin ranar hutuna, wallahi wuce ni ya yi da gudu ya tafi wurin maƙwabciyar tawa yana kuka, na shiga ɗaki na yi nawa kukan. Wannan a wane layi na takardar albashi za a rubuta shi?

Ga tsoron 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, mace in magariba ta yi miki a Berger sai kin leƙa mota kin ƙare wa fuskokin ciki kallo kafin ki shiga, in ranki bai kwanta ba ki bar ta ta wuce ko da za ki ƙara rabin awa a tsaye, motar tasha ta fi aminci amma ta fi tsada kuma sai ta cika. Shi ya sa yanzu ni da kaina nake roƙon a sa ni aikin dare, in tafi da la'asar hanya a sake, in dawo da safe lokacin da kowa ke shiga ni ina fita.

Masu cewa a koma kusa mana, mun gwada. Ciki da falo da kicin nake biyan dubu 350 a Suleja, ɗaki ɗaya mai banɗaki da ejen ya nuna mana a Jabi miliyan ɗaya da rabi ya ce, ban da kuɗin ejen da na lauya da na ajiya, duk a biya lokaci guda. Kuɗin mota kullum kake cire shi kaɗan-kaɗan, haya kuwa a dunƙule ake so, talaka ba wai bai iya lissafi ba ne, dunƙulen ne ba shi da shi.

Mai Kabu-kabu

Ɗan uwa ni ma ma'aikaci ne, albashin ne ya kasa na koma ɗaukar fasinja da motata safe da yamma a hanyar nan taku. Ba mugunta ke sa kuɗi ya hau da yamma ba. Hanyar gefe ɗaya take ci, da safe kowa ciki ya nufa, da yamma kowa waje, direban da wannan ce sana'arsa in ya sauke ku sai ya koma kusan fanko, to kuɗin zuwa da komawa duk a kanku yake. Ga gosulo, mota na kunne awa guda ba ta yi kilomita biyar ba mai na ƙonewa, sahu uku da ya kamata ka yi sai ka yi ɗaya, ga masu tikiti, ga masu kama mota in ka tsaya sauke mutum inda ba su so. Tunda aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan araba shiga gari a 2013 manyan da aka kawo ba su taɓa isar jama'a ba, in ka ga layin da ake yi a Nyanya da safe ka san haka. Ka nemi mai mota ɗan unguwarku da ke aiki a Wuse ku huɗu ku riƙa haɗa masa kuɗin mai na sati, ya fi muku sauƙi shi ma ya huta da tsaye-tsaye.

Ɗalibi a Turai

Wasu ƙasashen sun sa abin a doka fa. A Faransa dole mai kamfani ya biya rabin kuɗin tikitin jirgin ƙasa ko bas na ma'aikaci, a Landan kuma ma'aikatan gwamnati da yawa suna da alawus na zaman Landan saboda tsadar garin, irin wanda Baba ya ce babu a jadawalinmu. Mu ma ai an taɓa gwada wani abu, Kwara da Edo sun mayar da zuwa ofis kwana uku a sati bayan cire tallafi a 2023. Jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona aka sake tayar da shi a Mayun 2024, ta Idu da filin jirgi da wajen Kubwa ya bi, ina ma ta Nyanya da Mararaba aka fara ja, inda jama'ar suke.

Ɗan Masaka

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na ji, ba zan saki aikin ba. Kwamared na koma na duba takardar, haka ne kuwa, an rubuta sufuri dubu 21, ko na kwana bakwai bai kai ba. Na kuma ƙirga kamar yadda ka ce, mu tara ne a ofis ke tasowa daga hanyar Keffi, ɗaya ma daga Keffin kanta, mai shara ce, ban taɓa sani ba sai jiya da na tambaye ta, ta ce ƙarfe huɗu take fitowa kuma albashinta bai kai rabin nawa ba. Mun yi magana da uku daga ciki, za mu bi shawarar Hajiya mu rubuta lissafin a takarda ɗaya kowa da hanyarsa, har da nata, mu kai wa manaja tare in na cika wata shida, tallafin mota za mu roƙa ko bas guda da zai ɗauke mu a Mararaba. Anti Maman Biyu na karanta naki sau biyu, Allah ya raya miki yaran ya kawo miki aiki kusa da gida.

Kafin nan dan Allah in akwai mai mota a Masaka ko Ado da ke shiga Wuse ko Central Area kullum, yana fita biyar da rabi zuwa shida saura kwata, ya min magana ta inbos, mu uku ne a shirye, za mu riƙa biyan na sati tun ranar Lahadi da yamma.